Ina Gasa Ta Fi Zafi A Gundumomin Ayalan?

Ya kai mai karatu, ka sani yamma da Ingila akwai wani tsibiri da a ke kira Ayalan, mutanensa kuwa suna da wasanninsu na gado waɗanda ba su aro daga wurin kowa ba. Manya daga cikinsu biyu ne. Na fari ƙwallon Gelik, wanda a ke cafe ƙwallo da hannu, a buga ta da ƙafa ko a doke ta da dunƙulen hannu. Na biyu ƙwallon sanda, su suna ce masa hurling, ana yinsa da sanda mai faɗin baki da 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri. A kowane ɗayansu mutum goma sha biyar ke tsayawa kowane gefe. In ƙwallo ta wuce ta bisa sandar da ke gicciye tsakanin turaku biyu, maki ɗaya ke nan, in kuwa ta faɗa raga, maki uku. Tun shekarar 2025 aka ƙara wa ƙwallon Gelik wata doka, wanda ya harbo daga nesa ƙwarai ta wuce bisa sandar a ba shi maki biyu.

Jam'iyyar da ke riƙe da wasannin nan, wadda a ke taƙaita sunanta GAA, an kafa ta a garin Thurles ran 1 ga Nuwamba 1884, Michael Cusack da Maurice Davin na cikin waɗanda suka aza harsashinta. Har wa yau ba ta biyan ɗan wasa albashi. Wanda ka gani yau jama'a dubbai suna yi masa tafi, gobe da safe sai ka tarar da shi a gona, ko a aji yana koyar da yara, ko a kanti yana ciniki. Tsibirin ya kasu lardi huɗu, watau Leinster da Munster da Connacht da Ulster, lardunan kuma sun kasu gunduma 32, guda 26 cikin Jamhuriyar Ayalan, shida cikin Ayalan ta Arewa. A sha'anin wasan nan ba a kula da iyakar da ke tsakaninsu. A cikin kowace gunduma, kusan kowane ƙauye ko unguwa, watau yankin da coci ɗaya ke riƙe, yana da ƙungiyarsa. A yawancin ƙauyuka inda aka yanke cibiyar mutum nan zai yi wasa, ba a sayensa, ba a sayar da shi.

To, kowace shekara ƙungiyoyin kowace gunduma su kan yi gasa tsakaninsu a fid da zakara. Tun kakar wasa ta 1970 zuwa 1971 aka tsara cewa zakarun gundumomi su kara a lardinsu, sa'an nan zakarun larduna su kara a fid da gwanin ƙasa duka. Wasan ƙarshe a kan yi shi a Croke Park, babban fili na birnin Dablin mai cin mutum 82,300. Shekaru da yawa ran 17 ga Maris a ke yinsa, amma daga 2020 aka dawo da shi farkon shekara. Saboda haka wanda ya ci gundumarsa da kaka, sai bayan sabuwar shekara ta kama ya ke sanin ko shi ne gwanin ƙasa.

Gardamar da mutanen ƙasar ba su gajiya da ita ita ce wannan: a cikin gundumomin nan 32, ina ne gasa ta fi zafi? Wanda duk ya amsa da sauri ya yi kure, gama tambayar biyu ce aka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai faɗin gasa, watau ƙungiya nawa ne ke iya ɗaukar kofi in an fara. Akwai kuma tsawonta, watau ƙarfin zakaran in ya fita waje ya gamu da zakarun wasu. In ka bi labarin shekaru talatin da suka wuce za ka ga abu biyun nan ba safai su ke haɗuwa gida ɗaya ba.

GUNDUMOMIN SARKI ƊAYA

Bari mu fara da inda ƙungiya guda ta kafa mulki. A kudancin gundumar Armagh, dab da iyaka, akwai wani ɗan gari Crossmaglen, wanda a zamanin tashin hankalin Ayalan ta Arewa sojan Ingila suka karɓe wani yanki na filin wasansa shekaru da yawa. Ƙungiyar garin nan ta ci gasar ƙwallon Gelik ta Armagh sau goma sha uku a jere, daga 1996 zuwa 2008. A 2009 Pearse Óg ta kayar da ita, amma ta sake tashi ta ci shida a jere daga 2010 zuwa 2015. Cikin shekara ashirin ke nan sau ɗaya rak kofi ya kwana a wani gari. A waje kuma ta ci lardin Ulster sau goma sha ɗaya, ta zama gwanar ƙasa sau shida: 1997, 1999, 2000, 2007, 2011 da 2012.

Ba ita kaɗai ba ce. A gundumar Galway, Corofin ta ci ƙwallon Gelik sau bakwai a jere daga 2013 zuwa 2019, ta kuma zama ta farko da ta ci kofin ƙasa sau uku a jere, 2018, 2019 da 2020. A gundumar Down, Kilcoo ta ci shida a jere daga 2012 zuwa 2017, Burren ta ƙwace a 2018, sa'an nan Kilcoo ta dawo ta ci wasu shida daga 2019 zuwa 2024. A ƙwallon sanda na gundumar Waterford, tun da Passage ta ci a 2013, Ballygunner ce ta ci kowace shekara daga 2014 har 2025, sau goma sha biyu ke nan. Abin da ya fi duk waɗannan ban mamaki a gasar mata ya faru, wadda wata jam'iyya dabam ke riƙe da ita: matan Ballymacarbry sun ci ƙwallon Gelik na Waterford sau 42 a jere, daga 1982 zuwa 2023, kafin Comeragh Rangers ta sauke su a 2024. Yarinyar da aka haifa shekarar da suka fara ta haura arba'in kafin ta ga kofin a hannun wasu.

Me ke kawo irin wannan mulki? Ruwa ba ya tsami banza. Da fari sai a sami samari tsara ɗaya masu hazaka, sau da yawa 'yan gida uku ko huɗu, wa da ƙane da ɗan baffa, waɗanda suka tashi suna wasa tare tun suna makarantar firamare. In suka ci sau ɗaya, yaran garin duka sai su so su zama kamarsu, tsofaffin 'yan wasa kuma su koma koyar da na baya. Bayan haka, zakara ya kan ci gaba da wasa cikin hunturu da zakarun wasu gundumomi, alhali abokan gasarsa na gida sun ajiye takalma tun kaka. Kowace shekara yana ƙara sanin da su ba su samu ba. Daga nan sai tsoro ya shiga, har a ga ƙungiya ta shigo fili an riga an ci ta a zuci tun ba a hura usur ba.

GUNDUMAR DA BA TA DA SARKI

Yanzu dubi maƙwabciyar Armagh, watau Tyrone. A nan tun da Carrickmore ta ci a 2004 da 2005, aka yi shekara goma sha tara, har 2024, ba wanda ya ci kofin ƙwallon Gelik shekara biyu a jere. Cikin shekara goma daga 2012 zuwa 2021 ƙungiya takwas dabam dabam suka ɗauke shi: Errigal Ciarán, Clonoe, Omagh, Trillick, Killyclogher, Coalisland, Dungannon da Dromore. Dungannon, wadda rabonta da kofi tun 1956, ta ci a 2020 bayan an yi kunnen doki da Trillick, aka raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Babban dalilin haka shi ne tsarin gasar. Gundumomi da yawa su kan raba ƙungiyoyi rukuni rukuni, kowa ya yi wasa uku ko fiye, har wanda ya faɗi ran farko ya sami damar gyara kurensa. Irin wannan tsari mai ƙarfi ya ke taimako, domin da wuya a kayar da shi sau biyu. Tyrone kuwa ƙungiya goma sha shida ta ke zubawa, sili ɗaya ƙwale, wanda ya faɗi ya tafi gida sai baɗi. Wasan ƙungiyoyi minti sittin ne. Cikin minti sittin, in ruwa ya sauko, iska ta juya, aka kori mutum ɗaya, ƙarami na iya kayar da babba. Ga shi kuma garuruwan gundumar kusan kai ɗaya su ke wajen ƙarfi, ba wani guda da ya danne sauran.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Duk zafin gasar Tyrone, daga 1971 har zuwa 2025 ba ƙungiyarta ko ɗaya da ta ci babban kofin ƙasa. Ko lardin Ulster ma, cikin wannan zamani Errigal Ciarán kaɗai ta taɓa ci, a 1993 da 2002 da 2024. A na 2024 da maki ɗaya ta kayar da Kilcoo, Darragh da Ruairí, 'ya'yan shahararren ɗan wasan nan Peter Canavan, suna cikinta. Ita ce ta farko daga Tyrone da ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, a Janairu 2025, inda Cuala ta Dablin ta fi ta da maki huɗu. Watau Crossmaglen ita kaɗai tana da kofin ƙasa shida, Tyrone da zakarunta masu yawa ba ta da ko ɗaya. Zakaran Tyrone ya kan fito lardi a jigace, kuma baƙo ne ga irin wannan fage, gama bara wani ne ya zo, baɗi ma wani ne zai zo. Ka tuna Ballygunner kanta sai da ta ci Waterford sau takwas a jere kafin ta ɗauki kofin ƙasa na farko, ran 12 ga Fabrairu 2022, sa'ad da Harry Ruddle ya jefa ƙwallo a ragar Ballyhale Shamrocks a daƙiƙar ƙarshe. A ran nan kuma, a filin nan, Kilcoo ta ci nata, bayan ta sha kaye a wasan ƙarshe na 2020. Wanda bai saba zuwa ba da wuya ya ci.

Irin wannan ya faru ga Tipperary a ƙwallon sanda. Gunduma ce mai ƙungiyoyi da yawa masu ƙarfi, a cikinta aka haifi jam'iyyar kanta, kuma ƙungiyarta Roscrea ce ta ci kofin ƙasa na farko a 1971. Amma bayan Kilruane a 1986 da Borris-Ileigh a 1987, aka kai 2025 ba wata ƙungiyarta da ta sake ci. Maƙwabciyarta Kilkenny kuwa, ƙungiya guda, Ballyhale Shamrocks, wadda aka kafa a 1972, ta ci kofin ƙasa sau tara daga 1981 zuwa 2023.

INDA FAƊI DA TSAWO SUKA HAƊU

Akwai wurare biyu da suka tara duka. Ɗaya Dablin. Tsakanin 2008 da 2025 ƙungiyoyinta huɗu dabam suka ci kofin ƙasa na ƙwallon Gelik: St Vincent's a 2008 da 2014, Kilmacud Crokes a 2009 da 2023, Ballyboden a 2016, Cuala a 2025. Asirin ba ɓoyayye ba ne, yawan jama'a ne. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen gundumar Dablin sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, alhali gundumar Leitrim duka wajen dubu 35 ce. Wata ƙungiyar unguwa ɗaya a Dablin membobinta dubbai ne, ga kuma samarin ƙauye da aiki ya kawo birni suna shiga. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Duk da haka a watan Disamba 2018 Mullinalaghta ta gundumar Longford, ƙauyen da mutanensa ba su kai ɗari biyar ba, ta kayar da Kilmacud Crokes ta ci lardin Leinster.

Na biyu Galway a ƙwallon sanda. Ƙungiyoyinta bakwai suka taɓa zama gwanayen ƙasa: Castlegar, Kiltormer, Sarsfields, Athenry, Portumna, Clarinbridge da St Thomas'. Yawancinsu na ƙauyuka ne da ƙananan garuruwa a gabas da kudancin gundumar. Sai dai mai adalci ya tuna abu biyu. Zakaran Galway ba shi da abokin karawa a lardin Connacht, saboda haka kai tsaye ya ke wucewa wasan kusa da na ƙarshe, ba ya shan wahalar da na Munster da na Leinster ke sha. Kuma ko a nan an yi zamanin sarki ɗaya, gama St Thomas' ta ci shida a jere daga 2018 zuwa 2023.

DABARAR KERRY DA CORK

Gundumar Kerry ta bi wata hanya. Shekaru da yawa ƙungiyoyinta takwas kaɗai a ke lasaftawa manya. Sauran ƙananan sai a tattara gwanayensu bisa ga yanki, a yi ƙungiyar Gabashin Kerry, da ta Kudancin Kerry, da ta Tsakiya, da sauransu, su shiga gasa tare da manya. Ta haka yaron da aka haifa a ƙaramin ƙauye ya ke samun fagen nuna kansa. David Clifford, wanda a ke lasafta shi cikin gwanayen zamanin nan, ɗan ƙaramar ƙungiyar Fossa ne, ta hanyar Gabashin Kerry ya ci kofin gundumarsa. Gabashin Kerry ɗin ce ta ci kofin ƙasa na farko a 1971, daga baya aka hana irin waɗannan ƙungiyoyin haɗin gambiza wuce gunduma. Don haka in sun ci, kamar yadda Gabashin Kerry ta yi a 2019, 2020, 2022 da 2023, wata ƙungiya ce ke tafiya lardi a madadinsu.

Cork ma tana da irin wannan tsari. A 2024 ƙungiyar yankin Imokilly ta ci ƙwallon sanda na Cork, sai Sarsfields ta Cork, wadda aka kayar a wasan ƙarshe, ta tafi lardin Munster. Can ta kayar da Ballygunner ta ɗauki kofin lardi, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, inda Na Fianna ta Dablin ta ci ta a Janairu 2025. Ka ga ta biyu a wata gunduma ta kayar da wadda ta yi shekara goma sha ɗaya ba mai taɓa ta a tata. Wanda ya ƙidaya kofuna kawai ba zai gane wannan ba.

WANNE YA FI AMFANI?

Kowace gunduma tana kuma zaɓen gwanaye daga dukan ƙungiyoyinta ta haɗa runduna guda, su kara da na sauran gundumomi, wannan ita ce gasar da ta fi kowace girma a ƙasar. A nan ne faɗi ke biyan bashinsa. Tyrone, wadda ƙungiyoyinta ba su da kofin ƙasa, rundunarta ta ci ƙasa duka a 2003, 2005, 2008 da 2021. Tipperary ta ci ƙwallon sanda a 2010, 2016, 2019 da 2025. Kerry, mai tattara 'yan ƙauye, ta ci ƙwallon Gelik karo na 39 a 2025. A ɗaya gefen kuma, aka kai 2025 rabon Waterford da kofin ƙwallon sanda tun 1959, rabon Down da na ƙwallon Gelik tun 1994, duk ƙarfin Ballygunner da Kilcoo. Ba mu ce wannan doka ce da ba ta karyewa ba. Armagh ta ci kofinta na farko a 2002, a tsakiyar mulkin Crossmaglen, da 'yan Crossmaglen cikin rundunar, Kilkenny kuma ta mamaye ƙasa a zamanin Henry Shefflin na Ballyhale. Amma a galibi gundumar da garuruwa goma ke kiwon gwanaye ta fi wadda gari ɗaya ke kiwo wadata.

Bayan wannan akwai abin da ya fi kofi nauyi. Ƙauyukan yammacin Ayalan sun daɗe suna zubar da samari, waɗansu zuwa Dablin, waɗansu Ingila da Amurka da Ostareliya, har ta kai a wurare kamar kudancin Kerry sai an haɗa ƙauye biyu ko uku kafin a tara yara goma sha biyar. Saurayin da ke aiki a birni ya kan yi tafiyar sa'o'i da dare ya komo gida horo, ba ko kwabo, don yana sa rai wata rana kofi zai shigo garinsu. In ya tabbata tun daga rani cewa kofin yana da mai shi, me zai komo yi? 'Yan kallo ma haka, ba mai biyan kuɗin ƙofa don ya ga abin da ya riga ya sani, kuɗin ƙofar nan kuwa da su hukumar gunduma ke gudanar da ayyukanta.

Ba laifin Crossmaglen ba ne, ba kuma na Ballygunner ba, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Nauyin yana kan hukumomin gundumomi, su ne ke da ikon tsara gasa, da rage ko ƙara yawan manyan ƙungiyoyi, da ba ƙananan ƙauyuka hanyar haɗuwa. Mulki kuma ba ya dawwama. Bayan 2015, kafin 2021 ta ƙare, Maghery da Armagh Harps da Clann Éireann duk sun ɗauki kofin Armagh. Bayan Corofin sai Moycullen da Mountbellew suka ci Galway. A Kilkenny, bayan Ballyhale ta ci biyar a jere, O'Loughlin Gaels ta ci a 2023, Thomastown kuma a 2024, ita da rabonta da kofi tun 1946.

Saboda haka, ya mai karatu, in an tambaye ka ina ne zakara ya fi ƙarfi, ka duba Armagh ta zamanin Crossmaglen, da Kilkenny, da Galway, da Dablin. In kuwa an tambaye ka ina ne gasa ta fi zafi, ka ce Tyrone, inda ƙungiya goma sha shida ke shiga fage kowace kaka, ba kuwa wanda zai iya rantsewa a garin da kofi zai kwana.